Dokin Ƙarfe Mai Siririyar Ƙafa

A ƙasar Hausa keke ya taɓa zama abin hawan masu albashi. Malamin makaranta, akawun En'e, malamin gona da malamin asibiti, duk da Raleigh aka san su: baƙi wuluk, mai ƙararrawa da fitila da rufin sarƙa, wanda ake gogewa da tsumma kowace safiya kafin a fita aiki. Dokin ƙarfe ake yi masa kirari. Kasuwarsa ta yi ƙarfin da kamfanin, wanda asalinsa na birnin Nottingham ne a Ingila, sai da ya kafa masana'antar harhaɗa shi a Kano. Daga baya arzikin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya mayar da ma'aikata kan babur da mota, keke kuwa ya gangara hannun mai itace, mai tallan burodi, lebura da ɗan makaranta. Tun daga nan, magidanci a kan keke ɗayan biyu ne a idon jama'a: ko bai samu ba, ko ya samu ya rasa.

Saboda haka wanda ya sayi keken tsere a Kano yau yana cikin wani hali mai wuyar fassara. Ya biya kuɗin da za su iya sayen tsohon babur, amma a kan titi matsayinsa ɗaya da mai itace. An ƙera kekensa don kwalta mai laushi irin ta Faransa da Italiya, ga shi zai ratsa da shi ta Unguwa Uku da Na'ibawa.

Wani akanta a wani kamfani mai zaman kansa, ɗan shekara 41, mai mata da 'ya'ya uku, ya shiga wannan hali da idonsa a buɗe. Sau uku a jere aka auna jininsa ana samun 150 bisa 95, alhali daga 140 bisa 90 likitoci suke kiran abu hawan jini. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, bai cika shekara 60 ba. Likita ya rubuta masa magani, ya kuma gaya masa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya: motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Ya gwada sassarfa, gwiwa ta ƙi. Keke kuwa sirdi ne yake ɗaukar nauyin mutum, ƙafa juyawa kawai take yi.

Abin da ya raba shi da keken da aka saba

Siffar keke ta yau, wato ƙafa biyu masu kusan girma ɗaya da sarƙa mai juya ta baya, John Kemp Starley ne ya fito da ita a Coventry a 1885. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Raleigh na malamin makaranta da keken da ake gasar Tour de France da shi, duk jikokin wannan ƙira ne. Inda suka rabu shi ne abin da aka shirya kowanne ya yaƙa. Na farko an yi shi don kaya da gargada: ƙarfe mai kauri, kariya a baya, taya mai faɗi, nauyi kusan kilo 20. Na biyu abokiyar gabarsa iska ce.

Wanda bai taɓa wuce gudun kilomita 15 a awa a kan keke ba, ba zai ɗauki iska a bakin komai ba. Sai dai ƙarfin keta ta ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da iska kaɗai take ci yakan ninka kusan sau takwas. A gudun kilomita 30 a awa a shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan gumin mahayi a ture iska yake ƙarewa, kuma jikinsa ya fi keken tare ta nesa ba kusa ba. Wannan ne dalilin kan keken da aka lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago, domin mahayi ya sunkuya ya rage faɗin ƙirjinsa. Shi ne dalilin matsattsun kayan 'yan tsere, kuma shi ne dalilin da ya sa suke tafiya a jere, wani maƙale da bayan wani: na baya yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar.

Keken tsere na mai koyo yakan yi kilo 9 zuwa 11. Na ƙwararru ya fi haka sauƙi, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka tun 2000 cewa kada ya gaza kilo 6.8. Sai kuma giya. Tsohon keke giya ɗaya gare shi, kowace murzar feda tana kai mutum mita 5 zuwa 6, a tudu ko a gangare. Keken tsere yana da faifai biyu masu haƙora a gaba, galibi mai haƙori 50 da mai 34, da jerin ƙanana a baya daga mai 11 zuwa mai 32. A giya mafi nauyi murza ɗaya ta wuce mita 9, a mafi sauƙi mita 2 da kaɗan. Amfanin wannan shi ne ƙafa ta ci gaba da juyawa a ƙa'ida ɗaya, kamar sau 80 zuwa 90 a minti, hanya kuwa ta yi yadda ta ga dama.

A kasuwa

Akasarin kekunan tsere da ke shigowa Arewa na gwanjo ne, waɗanda aka hau a Turai aka gaji, suka biyo kwantena ta Legas ko Kwatano. Suna zuwa a gauraye da na yara da na hawan dutse, kuma mai sayarwa bai cika bambanta su ba sai ta nauyi da suna.

"Alhaji, ɗaga wannan da yatsa biyu ka ji," in ji mai shagon. "Kabon ne, irin na 'yan tsere."

"Malam, lambarsa nawa?"

"Lamba 28 ne, na manya."

A nan yawancin masu saye suke zamewa. Lambar da aka saba ambata a kasuwa ta ƙafa ce, kuma kusan duk kekunan tsere na manya ƙafarsu ɗaya, wadda ake kira 700c. Abin da ya bambanta shi ne girman firam, gangar jikin keken, wanda ake aunawa da santimita: 50, 52, 54, 56, 58. Tsohon keke yana yafiya, yaro ma yakan zura ƙafa ta tsakiyar firam ya tuƙa na mahaifinsa. Keken tsere ba ya wannan yafiyar, domin mutum zai shafe awa biyu ko uku a sunkuye a kansa. Idan ya yi masa tsawo, wuya da kafaɗa da ƙugu su ne za su biya. Akantan tsawonsa santimita 175 ne, abin da ya dace da shi bai wuce 54 ba. Ya je da tef ɗin awo a aljihu, kuma keken kabon ɗin 58 ne.

Ko da ya dace da shi, akwai dalilin yin hattara. Zaren kabon yana da ƙarfi da rashin nauyi, amma idan ya bugu yakan tsage ta ciki ba tare da alama a waje ba, kuma ba mai walda da zai iya ɗinke shi. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba da sanarwa, alminiyam yakan nuna tsaga a bakin walda. Keken da ya yi tafiyar teku a ƙarƙashin wasu ɗari, ba wanda ya san abin da ya gani. Araha ba ta ado, musamman ga abin da mutum zai ɗora rayuwarsa a kai a gangare.

Ya zaɓi na alminiyam, lamba 54, mai kayan giya na Shimano samfurin Sora, wanda jerinsa na baya 9 ne. A tsarin wannan kamfani na Japan, Claris mai 8 ne a ƙasa, sai Sora, sai Tiagra, sai 105, Ultegra da Dura-Ace a sama. Hawa sama yana rage nauyi, yana kuma siranta sarƙa da ƙara mata tsada da wuyar samu. Ga mai zama a garin da ba kowane shago ne yake da kayan gyara ba, na ƙasa ya fi kwanciyar hankali.

Kafin ya biya ya juya kowace ƙafa ya ga ko tana layi, ya bi bakin kowace walda da ido, ya riƙe birkin gaba ya girgiza keken don jin ko boris ɗin wuya ya saki, ya kwance sandar sirdi ya tabbatar ba ta cije ba. Abu na ƙarshe da ya duba shi ne wanda ya fi yi masa amfani daga baya: sararin da ke tsakanin taya da firam. Tsofaffin kekunan tsere da taya mai faɗin milimita 23 suke zuwa, siririya kamar yatsa. Ƙwararru ma yanzu sun koma 28 zuwa sama, domin an gano faffaɗar taya mai sassaucin iska ba ta rage gudu a titin da ba sumul yake ba, ga sauƙin jijjiga. Nasa ya karɓi 28, ita ya sa.

Kuɗin keke kuwa ba su ne ƙarshen lissafi ba. Akwai hular kwano, famfo mai agogon awo, tiyub biyu na ko-ta-kwana, fitilar gaba da jar fitilar baya, gorar ruwa, da wando mai soso a mazauni.

Makonnin farko

Sirdin keken tsere siriri ne mai tauri, kuma kwana goman farko azaba ce. An yi shi haka ne don ƙasusuwan mazauni biyu su ɗauki nauyi, cinya kuma ta wuce ba gogayya. Jiki yana sabawa, muddin tsayin sirdin daidai ne. Akwai tsohon lissafi da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau uku: a auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa hantsa, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan saman sirdi daga tsakiyar inda feda take juyawa. Ƙafar akantan santimita 83 ce, sirdinsa ya tsaya a 73. A wannan tsayi tafin ƙafa ba ya isa ƙasa daga kan sirdi, abin da ke firgita duk wanda ya koyi keke a lungu, amma shi ne yake kare gwiwa.

Sai iska. Tayar keken tsere tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na iskar tayar mota, kuma tana sacewa a hankali, dole a duba ta duk bayan kwana biyu. Bawul ɗinta siriri ne mai ɗan noti a kai, wanda ake kira Presta, kuma bututun mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Idan iska ta yi ƙasa aka daki bakin rami, tiyub yakan matse tsakanin taya da rim ya huje wuri biyu a jere kamar saran maciji. Idan aka sauka gefen kwalta bayan damina kuwa, tsidau yana nan yana jira. A watan farko akantan ya koyi cire ƙafa, sauya tiyub da mayarwa cikin minti goma, yana tsugune, yara sun kewaye shi suna ba da shawara.

Ƙura ma tana da nata hukuncin. Bakin man inji da ake lafta wa sarƙar tsohon keke, a nan guba ne: yana kama ƙura ya zama kamar yashin goge ƙarfe, ya cinye sarƙa da haƙora. Ɗan mai kaɗan ake ɗigawa, a goge saura da tsumma.

Ranar da rami ya karkatar masa da ƙafar baya, wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarsu ya kai ta, yana ɗari-ɗari.

"Baba, za ta miƙe kuwa? Ba irin waɗanda ka saba ba ce."

"Alhaji, waya ai waya ce, ko ta Bature ko ta Indiya. Ajiye ta nan."

Dattijon ya kifa keken, ya riƙa juya ƙafar yana ɗaure wannan waya yana sassauta waccan, yana ƙyasta su da farce yana sauraron sautinsu. Kafin la'asar ta miƙe sak. Giyar ce kaɗai ya ce ba zai taɓa ba sai ya ga yadda take aiki, kuma a zuwa na biyu ya gane ta.

Titi

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma a ma'aunin yawan jama'a nahiyar Afirka ce a gaba. Mutumin da ya hau keke don tsira daga hawan jini dole ya sa wannan a sikeli. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata. An yi ta dariya, amma abin da ya same shi shi yake samun talakawa kullum, nasu ne dai ba ya shiga jarida.

Titunan Kano ba su da layin keke. Gefen da doka da al'ada suka bar wa mai keke shi ne matattarar yashi, fasassun kwalabe da ƙusoshi, shi ne tashar adaidaita sahu da ke tsayawa ba sigina, kuma ta nan mai babur da ya biyo hannun da ba nasa ba yake ɓullowa. Siririyar taya idan ta shiga yashi a guje, kai yake ƙwacewa. Iya ruwa fid da kai: akantan ya tsara wa kansa dokoki. Ba ya manne wa bakin kwalta, yakan bar kamar mita ɗaya don ya samu wurin kaucewa. Ba ya shiga tsakanin tifa ko tirela da gefen hanya, domin direbanta ba ya ganinsa. Hannunsa ba ya barin birki a cikin gari. Fitilar baya tana walƙiya ko da rana. Mafi girman dokar ita ce ta lokaci: daga sallar asuba yake fita, kafin gari ya tashi, ya dawo kafin takwas. Wannan ya raba shi da cunkoso, ya kuma raba shi da zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Ranar Asabar yakan miƙi hanyar Zariya zuwa Kura, kimanin kilomita 30, cikin gonakin shinkafa. A nan hunturu ya koya masa darasin iska a aikace. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hanyar kuwa kudu ta nufa. A tafiya mutum yakan ji kamar ya zama ɗan tsere, keke yana shan kwalta ba wahala. Da ya juyo sai ya tarar da bashin yana jiransa, kowace kilomita da gumi. Yanzu yakan ajiye kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa da ruwansa don dawowa.

Idon jama'a

Ranar da ya fara zuwa ofis a kai, maigadi ya miƙe tsaye da damuwa a fuskarsa: "Ranka ya daɗe, lafiya dai? Ko motar ce ta samu matsala?" Abokan aiki suka ce cire tallafin man fetur da aka yi ranar 29 ga Mayu 2023 ya iso gidan akanta. Mahaifiyarsa ba ta ɗauke shi wasa ba.

"Kai yanzu da girmanka da iyalinka, keke? Me mutane za su ce?"

"Hajiya, likita ne ya ce in motsa jiki. Irin ciwon Baba ne."

Ta yi shiru. Daga baya abin da take tambaya kawai shi ne ko ya sa hular.

Batun sutura shi ma sai da aka sasanta. Gajeren wando mai ɗame jiki da 'yan tsere suke sawa bai dace da mutumin da zai wuce ƙofar surukansa ba, kuma al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Yakan sa mai soson a ciki, ya ɗora sakakken wando mai wuce gwiwa, mai tsukakken baki don kada sarƙa ta kama. Yana asarar ɗan gudu, ya kuma yarda da cinikin.

A wasu sassan Afirka ba a buƙatar wannan dogon bayani. Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987. A Eritiriya tseren keke wasan ƙasa ne, kuma ɗanta Biniam Girmay ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar. A Najeriya kuwa, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci ƙasar a wasannin Olamfik na Paris a 2024, da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. Inda 'yar wasan ƙasa take aro, mai koyo a Kano ya san shi ne makanikin kansa kuma mai tsaron kansa.

Da asuba a hanyar Zariya ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu shigowa birni da itace, da buhunan ganye, da jarkoki, a kan tsofaffin Phoenix da Hero masu giya ɗaya, ba hula, ba fitila, wani ma birkinsa silifas ne. Suna yin nisan da yake alfahari da shi ranar Asabar, kullum, da kayan da suka ninka nauyin kekensa sau da yawa. Yakan yi musu sallama in zai wuce, su amsa, wani ya ƙara da "a sauka lafiya, Alhaji." Ramin da yake kaucewa shi suke kaucewa, tirelar da take tsorata shi ita take tsorata su. Bambancin shi ne idan aka yi ruwa ko ya gaji, yana da mota a gida.

Bayan wata takwas awon jininsa ya sauko, ko da yake likita bai dakatar da maganin ba, kuma bai yi alkawarin dakatarwa ba. Wandunansa sun yi masa yawa. Canjin da iyalinsa suka fi lura da shi a tuƙin mota ne. A Jamus da Sifaniya doka ta wajabta wa direba ya bar aƙalla mita 1.5 tsakaninsa da mai keke in zai wuce shi. A Kano ba wanda zai tare shi a kan haka, amma yanzu idan ya tarar da mai itace yana tangaɗi a gabansa kuma babu sarari, yakan sassauta ya bi bayansa har hanya ta buɗe, na bayansa suna ta danna masa ham.